Hannun Gwaji na Alhaji

Ina tace kunun da zan kai wa maigidana Alhaji asibiti wayar ta yi ƙara. 'Yarmu ta fari ce, ita ce ta kwana a wurinsa. Ba ta yi sallama ba. Ta ce, "Umma," sai ta yi shiru, ina jin ƙarar fankar ɗakin a bayanta. Na ce mata na ji. Na yi innalillahi, na ajiye wayar, na ƙarasa tace kunun, domin ban san abin da ake yi da kunun da aka tace rabi ba.

Likita ya ce ƙoda ce. Na san ajali ne, ban taɓa musun wannan ba. Amma tun ranar tambaya ɗaya ta zauna mini: shin kayan shagonsa da ya riƙa shafawa a jikinsa ne suka lalata masa ƙodar, ko kuwa hawan jinin da ya daɗe da shi ne? Kafin a gane tambayar sai na faɗi yadda aka yi dattijo mai hankali ya mai da hannunsa wurin gwaji. Kuma ba na iya faɗa ba tare da dariya ba, Allah ya yafe mini.

Shagon Alhaji yana kasuwar Mont-Bouët ta Libreville, babban birnin Gabon, a layin masu kayan shafa. Man shafawa, sabulu, hoda, turare, man goge baki, har safa in ta samu. Mu kuma muna zaune a unguwar London, wadda 'yan uwanmu na Kano har yau wasu ba su yarda ba ta Ingila ba ce. Jikin shagonsa akwai na amininsa, wani Bafulatanin Garwa mai sayar da atamfa. Alhaji yana ce masa Ardo ko da yake ko akuya ba shi da ita. Shi kuma yana ce wa Alhaji Kaɗo.

Wata rana na kai masa abinci na tarar an sauke sabon kaya, wani farin mai na kare fata daga rana. Alhaji yana karanta Faransanci, amma baƙi baƙi, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ya juya kwalbar yana bin ƙananan rubutun baya da yatsa, sai ya tsaya a kan wata 'yar kalma da aka sa a cikin baka.

"Na-no," ya ce. "Ardo, mene ne nano?"

"Ba ni nan, Kaɗo." Ardo ya karɓa, ya nisanta kwalbar da idonsa, ya matso da ita. "Nono ne. Bature ne bai iya rubutawa ba."

"Nono a cikin man shafawa?"

"To me kake tsammani ya sa ya yi fari haka? Dubi waɗancan kwalaben, ba lait aka rubuta ba? Madara ke nan. Wannan kuma sun bari ya kwana, ya zama nono."

Kafin mu hana shi, Ardo ya buɗe ya lakata ya sa a baki. Ya daɗe yana juya harshe, idonsa a sama, kamar wanda aka kira ya raba gardama.

"Na saniyar Turai ne," ya ce. "Ba ta samun ciyawar kirki."

Daga ranar sunan man ya zama man nono. Matan Hausawa suka yi ta zuwa suna cewa a ba su man nonon nan. Matan Gabon kuma Alhaji yana yi musu bayani da hannu, yana kwatanta tatsar saniya a iska. Kayan ya ƙare, ya sake sarowa.

Lokacin 'yarmu tana karatun haɗa magunguna. Da ta zo shagon ta ji babanta yana tallar man nono, ta karɓi kwalbar ta duba, sai da ta zauna a kan kwali don dariya. Da ta samu numfashi ta yi masa bayani. Ta ce nano ba sunan abu ba ne, girman abu ne. Gari ne da aka niƙa ya yi laushin da ido ba ya ganin ƙwayarsa, wanda in aka ajiye ƙwaya ɗaya kusa da silin gashi, gashin zai zama kamar gungumen itace. Ta ce a wannan man wata farar hoda ce mai tare rana, kuma dokar ƙasar da aka yi shi ce ta ce a rubuta don mai saye ya sani.

Alhaji ya ce, "Yana cutarwa?"

"Ana ta bincike, Baba. Abin da aka koya mana, a kan lafiyayyar fata galibi ba ya wucewa ciki. Amma shaƙa ko haɗiya wannan wani zance ne dabam."

Alhaji ya juya a hankali ya kalli shagon atamfa.

"Ardo ya haɗiye," ya ce.

Aka je aka gaya wa Ardo. Ya rufe shago ya tafi neman nonon gaske, wanda samunsa a Libreville aiki ne, ya sha ƙwarya guda wai don na gida ya kori baƙon.

Shi Alhaji abin bai ba shi dariya ba. Abin da ya dame shi shi ne ya faɗa wa mutane abin da ba haka ba. Duk matar da ta dawo sai ya ce, "Hajiya, man nan ba nono ba ne, nano ne." Ta ce, "To mene ne nano?" Ya ce, "Ba a ganinsa." Ta ce, "To ba ni biyu."

Azumi ya kusa, sai wata tambayar ta taso masa. In abu ya yi ƙanƙantar da zai iya kutsawa ta fata, kuma mace ta shafa da rana, azuminta fa? Ya sa kwalbar a aljihu ya tafi wurin limamin masallacinsu. Da ya dawo na tambaye shi yadda suka yi.

"Malam ya ce in nuna masa shi."

"Ka nuna masa?"

"Na ce ba a gani. Ya ce to ta ina na san yana ciki? Na ce an rubuta. Ya ce shafa mai ba ya karya azumi, sauran kuma in tambayi likita, shi ƙananan abubuwan da ya karanta ba su kai wannan ƙanƙanta ba."

Bai haƙura ba. Ya je Oloumi wurin masu gyaran waya ya sayo gilashin da suke duba cikin waya da shi. Ya shafa man a faranti ya duƙa yana leƙe. Ya ga zanen yatsansa, ya ga ƙura, ya ga wata tururuwa da ya ce fuskarta ba ta da fara'a. Bai ga nano ba. Daga nan ya yanke shawarar tace shi. Na dawo daga unguwa na tarar ya matse man a matacin shayina yana danna shi da cokali. Man ya wuce gaba ɗaya bai bar komai ba. Ya ce wannan ya nuna lallai yana da ƙanƙanta. Muka yi kwanaki muna shan shayi mai ƙanshin furanni.

A nan ne tunaninsa ya faɗaɗa. Ya tsaya a tsakiyar shagon ya dubi kantoci daga ƙasa har sama, ya ce shekara da shekaru yana ba mutane abin da za su sa a fuskarsu da bakinsu da jikin jariransu, kuma ko ɗaya bai san abin da ke ciki ba. Ya tambayi 'yarmu yadda masana suke gane abu mai cutarwa. Ta ce ana duba mene ne a ciki, nawa ne, ta ina yake shiga jiki, kuma na tsawon wane lokaci. Ta ce ana gwadawa a ɗakin bincike, a da har a kan ɓeraye.

Ardo yana bakin ƙofa yana saurare. Ya ce, "In dai ɓera ne an gama bincike. Ɓeran kasuwar nan tun zuwana yake cin sabulun Kaɗo, ga shi nan ya kusa kai mage. Jiya ma gaishe ni ya yi."

Alhaji ya ce ɓera ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo. Ardo ya ce a gwada a kan zakara. Alhaji ya ce zakara bai amince ba, kuma wa zai ci shi bayan haka? Ya ce wanda ke sayarwa shi ya kamata ya fara ɗanɗanawa.

Haka aka fara. Ya ware hannun hagu don gwaji, na dama kuma ya bar shi don ci da gaisuwa da kwatantawa. Ya raba hannun hagun gida gida da biro tun daga wuyan hannu har kafaɗa, kamar filin da za a raba wa magada. Kowane gida da nasa man. Kullum da safe bayan ya karya sai ya shafa, da yamma ya jera hannayen biyu a kan gwiwa ya kira ni.

"Hajiya, zo ki duba mini gida na uku. Ya yi ja ko idona ne?"

"Sauro ne ya cije ka."

"To me ya sa ya zaɓi gida na uku?"

Duk inda ya wuce sai an juyo. Hannu ɗaya yana ƙanshin lemo da kwakwa da fure da wani abu kamar maganin tari. A taksi, inda ake matse mutane kamar kifin gwangwani, wata mata ta tambaye shi ko kwalba ce ta fashe masa a aljihu. Direban ya ce in zai riƙa shiga motarsa kullum zai daina sayen turaren mota. A masallaci kuwa in ya naɗe hannun riga zai yi alwala sai sahun famfo ya tsaya kallo. Sai ya wanke komai tas da sabulu don ruwa ya taɓa fata, bayan salla ya koma shago ya sake zane.

Wanda ba na mantawa shi ne na safa. An kawo masa wata safa da aka rubuta cewa akwai nano na azurfa a zarenta, wai ba ta wari. Ya sa ta a ƙafar hagu, ya sa safa ta gama gari a ta dama, ya ce ba za a wanke ko ɗaya ba sai bincike ya kammala. A zafin Libreville. Da lokacin ya yi ya cire su a tsakar gida, ya riƙe kowace da yatsu biyu ya nufo ni.

"Hajiya, don Allah ki rufe ido ki shinshina ki faɗa mini wacce ce wacce."

Na ce, "Alhaji, na bi ka daga Kano har bakin teku ban taɓa ce maka a'a ba. Yau na ce."

Ya sa su a leda ya kai wa Ardo. Ardo ya rufe ido kamar yadda aka ce, ya shinshina ta farko, ya shinshina ta biyu, ya nemi wuri ya zauna.

"Kaɗo," ya ce, "duka biyun ka binne su. Amma ta hagun a yi mata salla, ta ɗan yi ƙoƙari."

Yawancin gidajen hannun ba abin da ya same su. Gidan man nono ma lafiya lau, sai dai ya fi sauran rashin ƙonewa da rana. Amma akwai wasu ƙananan robobi da suke zuwa ba rubutu ko kaɗan a jikinsu, ba sunan ƙasa, ba komai. Haɗi ake ce musu. Mata suna saye don hasken fata. Gidajen da ya ba waɗannan suka fara washewa. A hankali wurin ya yi fari fat a tsakiyar baƙin hannunsa, da kusurwa huɗu daidai yadda ya zana, kamar an liƙa masa takarda.

Ranar da yarinyar ta gani ba ta yi dariya ba.

"Baba, ka daina. Kana ta farautar wanda aka rubuta sunansa, ga wanda ba a rubuta komai ba kana shafawa safe da yamma. Irin waɗannan wasu akwai zaiba a ciki, ruwan ƙarfen nan mai guba, wasu akwai magunguna masu ƙarfi. Zaiba ba ta tsayawa a fata. Taruwa take a jiki, kuma ba a mako ɗaya ake ganin aikinta ba."

"To ai shi ya sa nake gwadawa."

"Ba haka ake gwaji ba! Mutum ɗaya, hannu ɗaya, kuma babana?"

Ya sauke hannun rigarsa. Can ya ce, "Wata yarinya tana saye tana shafawa tun daga goshi har ƙafa, ga goyo a bayanta. Ni ɗan gida ɗaya na shafa."

Ya kwashe haɗin daga kantocin shagon a ranar. Amma ya ce kwashewa ba ta isa ba, tunda za su saya a shago na gaba, sai ya yi musu gargaɗi. Duk wadda ta zo neman haɗi sai ya naɗe hannun riga ya nuna mata.

"Dubi abin da ya yi mini, Hajiya. Dubi nan, ki dubi nan."

Ta farko ta duƙa ta duba da kyau, ta sa yatsa a kan gidan da ya fi fari.

"Wannan nake so, Alhaji. Nawa ne?"

Kafin mako ya zagayo labari ya gama layin cewa akwai wani Alhaji da ke da samfur a jikinsa, kana zaɓen kalar da kake so. Mata suka riƙa zuwa ƙungiya ƙungiya. Wata ta kawo ƙanwarta da za a yi wa aure. Wani mai shago a can ƙasan layi ya aiko a tambaye shi ko zai yarda ya riƙa zama a ƙofar shagonsa ranar Asabar. Ardo ya ce a sa masa farashi a kowane gida da biro a huta.

Daga nan Alhaji ya koma sa riga mai dogon hannu har da maɓalli, yana gumi, yana ce wa mata babu. Wasu suka yi fushi suka daina sayen ko sabulu a wurinsa. Robobin kuma ya rasa inda zai kai su. Ya ce in ya zuba a kwata ruwa zai kai teku, kifi ya sha, mu ci kifin. In ya ƙona, maƙwabta su shaƙa. In ya jefa a bola, wani zai tsinta ya sayar. Ya zuba su a bokiti mai murfi ya ɗora a saman kabad ɗinmu, ya ce sai ya yi tunani.

Na ɗauka ya daina shafawa tun ranar da yarinyar ta yi magana. Daga baya na gane duk sabon haɗin da ya shigo kasuwa sai ya sayi ɗaya ya gwada a can sama kusa da kafaɗa, inda ba ma gani, don ya san wanda zai ce wa mata su guje shi. An daɗe a haka.

Ciwon da ƙafa ya fara. Ta kumbura har takalmi ya daina shiga. Ya ce tsayuwar shago ce. Sai fuska. A asibiti wata ma'aikaciya ta naɗe masa hannun hagu za ta ɗebi jini, ta ga gidajen, ta kalle shi, ta kalle ni.

Ya ce mata da Faransancinsa na baƙi baƙi, "Wannan na aiki ne, madam. Ɗauki ɗayan."

Ardo yana cikin waɗanda suka yi masa wanka. Da ya zo yi mini gaisuwa ya tsaya daga bakin ƙofa, bayan labule. Ya yi addu'a, sannan ya ce, "Hajiya, gidajen suna nan. Biron ya fita, amma gidajen suna nan." Na ji tafiyarsa.

Da na fita takaba na sa yarinyar ta raka ni wurin likitan da ya duba shi. Mutumin kirki ne, ya ba mu kujera. Na yi tambayata, ita tana fassarawa. Ya ce hawan jini shi kaɗai yana iya yin wannan. Ya ce zaiba ma tana iya yi. Ya ce su biyun suna iya haɗuwa. Ya tambaye ni mene ne a cikin man, na ce ban sani ba. Nawa yake shafawa, na nuna masa da kan yatsa. Tsawon wane lokaci, na faɗi abin da na sani, na ce akwai wanda ban sani ba. Ya ce da an gaya masa tun Alhaji yana da rai da an auna jininsa da fitsarinsa don wannan. Alhaji bai gaya masa ba, mu kuma ba mu kawo maganar ba, ni saboda ina ganin abin dariya ne ba na faɗa wa likita ba. Ya ce yanzu abin da ya rage shi ne a auna man kansa. Amma ko an samu zaiba a ciki, ba zai iya rantsuwa cewa ita ce ba. Sai dai a ce mai yiwuwa.

A hanya yarinyar ta ce wani malaminsu ya san wurin da ake irin wannan awon a ƙasar waje, kuma akwai ɗan kasuwar da ke zuwa can yana dawowa. Ta ce ko ba don Baba ba, don matan da har yanzu suke saye. Na ce gaskiya ne.

Na sauko da bokitin. Na zaɓi wasu robobin, waɗanda na ga an fi lakata, har da alamar yatsansa a cikin ɗaya. Na naɗe su a leda na ɗaure. In aka ce babu komai a ciki, to ya yi ta fama da mata da zafin riga a banza. In aka ce akwai, to ina zaune kusa da shi ina duba masa gida na uku ina dariya. Ban san wanne zan fi iya ɗauka ba.

Ɗan kasuwar ya tafi ya dawo, ya sake tafiya. Yarinyar ta tambaye ni, ta sake tambaya, yanzu ta bar ni. Ban ba shi ledar ba tukuna, kuma har yau ba a auna man ba.